Faifan da Gwaggo ta turara

A shekararmu ta ƙarshe, kwamfuta huɗu ce kawai a sashen lissafi. Rabin awa kowa yake samu a mako, kuma sai ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Wata uku na yi ina haɗa umarnin da zai sa na'urar ta yi ta maimaita wani lissafi mai taurin kai har ta cimma amsa. Duk aikin yana cikin faifai ɗaya, baƙi, mai laushi. Malaminmu ya ce wanda nasa bai yi aiki a gabansa ba, sai baɗi.

A Mafoni nake zaune wurin Gwaggona, wadda ko tsumma ba ya fita gidanta bai sha turaren wuta ba. Ranar gwajin ina wanka, ta kifa kwando a kan kasko, ta shimfiɗa kayana da jakata a kai. Faifan yana cikin jakar.

Da na zaro shi, ya lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana.

"Gwaggo, kin kashe ni!"

"Don ki shiga cikin mutane da ƙamshi ne, 'yar nan," ta ce a hankali.

Na faɗa mata maganar da har yau nake jin kunyarta, na fice.

A ɗakin kwamfuta na saka faifan, na'urar ta yi gurnani sau uku, ta ƙi karanta shi. Malam ya karɓa, ya juya shi, ya shinshina. Wasu suka ƙyalƙyale da dariya. Shi bai yi ba, agogo ya duba.

"Saura minti ashirin. In ke kika rubuta, sake rubutawa."

Na fara bugawa. Layi na tara ya ɓace mini ɓat. Na rufe ido, na warware lissafin a kaina kamar a allo, sai ga shi ya dawo. Na danna. Lambobi suka gangaro, suka tsaya a kan amsar.

"Kin ci," in ji Malam.

Na dawo gida da la'asar. Gwaggo na zaune a tsakar gida, abincinta na rana a rufe, ba ta taɓa ba. Fuskata kawai take kallo. Kaskon kuwa ta wanke shi ta kife a bayan randa, har na gama makaranta ba ta ƙara turara mini kaya ba.