Dorcas, Kukun Gidan Dallimore

A gandun Scarthwaite aka haifi Dorcas Tebbutt, kamar uwarta da kakarta. Tun daga gadar dutse har bayan tudun da tumaki ke kiwo, duk ƙasar zuri'ar Dallimore ce, kuma kowa a ƙauyen a ƙarƙashinsu yake cin abinci. Tana budurwa aka ɗauke ta wankin tukwane a babban gida. Ta wanke, ta fere dankali, ta sha faɗa da hayaƙi, har ranar da tsohuwar kuku ta gaji ta miƙa mata ludayi.

Duk shekara babu ranar da take ɗoki kamar bikin gama girbi. Sai a share babban ɗakin hatsi, a jera tebura, a gasa sa guda. Bisa al'ada, maigida Lord Dallimore da kansa ke buɗe rawa da kukun gida. Dogo ne mai faran-faran, sai dai ƙafarsa ba ta jin kiɗa.

"Ranka ya daɗe, yatsana ne fa ka taka," in ji Dorcas.

"Yi haƙuri, uwar ɗaki. Ai bana da sauƙi, bara duka na murƙushe."

"To a rage mini ɗaya, gobe a tsaye zan wuni."

A irin wannan biki ne Silas, mai gadin dajin farauta, ya ƙyalla ido ya gan ta. Daga nan kullum yana ƙofar kicin da zomaye, ba tare da an aike shi ba, ya tsaya yana murza hula.

"Kai malam, in aure ya kawo ka, buɗe baki ka faɗa," ta ce masa wata rana. "Mun ƙoshi da naman zomo."

Ya faɗa. Da aka ɗaura aure, maigida ya ba su ɗan ƙaramin gida a bakin daji.

Sai yaƙi ya zo. Sojoji suka cika babban gidan, suka ƙona ƙarfen murhunta, suka faskare katakon bene suka ji ɗumi. Magajin gida, Edmund, ya tafi fagen fama bai dawo ba, kuma baƙin cikinsa bai bar tsohon maigidan ya daɗe ba. Harajin gado ya cinye gonaki ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe aka yi gwanjon kaya, aka yaye rufi, aka rushe bango. Ranar da aka fara rusau Dorcas ta rufe tagoginta, ta hana Silas ba ta labari.

Amma itatuwan tuffa na tsohon lambu ba su daina 'ya'ya ba. Duk kaka sai ta tasa Silas gaba da kwando, su bi ta ɓaraguzai su tsinko. Kuma har ta tsufa hannunta bai iya girkin mutum biyu ba.

"Dorcas, wa zai cinye wannan? Mu biyu ne fa!"

"Rufa mini baki, tsoho. Ɗauki ka kai wa maƙwabta tun da zafi."

Haka ya yi ta zaga ƙauyen da kwanuka, yana gunaguni. Da ta rasu, aka binne ta a harabar coci, gefen katanga, inda iyayenta suke.