Garba Mai Gilashi da Ruwan Gidan Modu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talatar da ta wuce, ina bakin aiki a Balan gab da azahar, Modu ya zo a kan babur ya ce da ni Allah Ya yi wa Garba rasuwa. Na yi salati na zauna a ƙasa. Amma ba zan ɓoye wa masu karanta wannan ba, kafin hawaye ya zo mini tambaya ce ta fara zuwa: me ya sa a bakin Modu nake jin wannan labari? Garba ya yanke jiki ya faɗi tun da hantsi a ƙofar gidan Modu a Ajingi. An kai shi asibiti, ya farfaɗo, ya yi magana, ya cika a hannun Modu. Duk wannan lokacin wayata tana aljihuna, ba wanda ya kira ni, ni da muka yi wasan ƙasa tare da shi.

Sunansa na yanka Abubakar, amma duk Gaya da Garba Mai Gilashi aka san shi. Ni kuwa Sale nake, katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu. Tare muka yi noma a gonakin iyayenmu, tare muka riƙa tafiya cin rani Kano, can muka koyi wanke gilashin shaguna. Da aka fara gina gidaje masu manyan tagogi a wajenmu, gidajen mai da masallatai suka koma gilashi, sola ta hau kan rufin masu hali, sai Garba ya ce mu dawo gida, aikin ya biyo mu. Muka fara da bokiti da tsumma da tsani na aro.

Mutum ne mai kunya da kiyaye mutuncin jama'a. Duk gidan da muka je, ba ya kafa tsani sai ya aika an gaya wa matan gidan da na maƙwabta cewa maza za su hau sama, a saki labule. Yakan ce da ni, "Sale, idonka a kan gilashi, ba a bayan gilashi ba." Tagogin masallacin unguwarmu kuwa shi yake wanke su duk ranar Alhamis da yamma, ba wanda ya sa shi, kuma in an yi masa godiya sai ya ce ruwa ne ya ragu a jarka.

Babbar matsalarmu a sana'ar ita ce ruwa. Ruwan burtsatse da na rijiyoyin wajenmu yana da daɗin sha, amma akwai wani gishiri-gishiri a cikinsa wanda harshe ba ya ji, gilashi ne yake ji. Ka wanke taga tas, ka goge da tsumma, ka bi da tsohuwar jarida, rana tana bugawa sai fararen ɗigo-ɗigo su fito kamar an yayyafa farar ƙasa. Sau da yawa an kira mu mu sake aikin da muka riga muka gama, kuma Garba bai taɓa yin musu ba. Cewa yake, "Gilashi ba ya ba da shaida sai ya bushe."

Shi ne ya fara gani a waya cewa akwai injin da yake tace ruwa har ya zama ba komai a cikinsa, in ya bushe a jikin gilashi ba ya barin tabo, ba sai an goge ba. Ruwan yana bin siririyar mesa ya hau doguwar sanda mai buroshi a kai, mutum yana tsaye a ƙasa yana wanke tagar bene. Ni saurin aikin na hango. Shi abin da ya fi burge shi, mun huta da leƙa tsakar gidan mutane daga kan tsani.

Muka shiga motar Kano muka je wani shago da ake sayar da irin waɗannan kaya, aka nuna mana iri biyu. Akwai babba mai tayoyi kamar baro, da matatai a jere da famfo, wanda sai da wuta ko janareta yake aiki. Ko wane irin ruwa ka ba shi zai tace, sai dai yana zubar da wajen rabin ruwan ta gefe. Akwai kuma ƙarami, silinda ce kamar ta gas, cike da wasu 'yan ƙwayoyi kamar gero. Ruwa ya shiga ta nan ya fita ta can a tace, ba ruwansa da wuta, kuma ana ɗaure shi a bayan babur. Aibinsa ɗaya, in ruwan mai gishiri ne ƙwayoyin ba sa daɗewa suke mutuwa, sai an sake sayo wasu daga Kano. Na ce babban za mu saya, domin na san ruwan garinmu. Har gobe ina nan a kan bakana, ban yi kuskure ba.

Garba bai sayi ko ɗaya ba a ranar. Wani ɗan ma'auni ya saya mai kama da biro, wanda in ka tsoma shi a ruwa lamba take fitowa ta nuna yawan gishirin. Na ce mun ɓata kuɗin mota a kan biro. Ya ce, "A tambayi ruwa tukuna, shi zai faɗi injin da yake so." Muka yi ta yawo da abin nan, Gaya, Balan, Gafasa, duk rijiyar da muka tsoma lamba sai ta haura sama. Ni kuwa ina ta murna a zuci, ruwan da kansa yana ba ni gaskiya.

Wata ranar kasuwar Ajingi ƙishirwa ta kai mu zauren wani mai sayar da hatsi, shi ne Modu. Kakanninsa daga Barno suka zo, amma a nan aka haifi har mahaifinsa. Ya kawo mana ruwa a kwanon sha. Garba, da tsome-tsomen nan ya zame masa jiki, kafin ya kai baki sai ya tsoma ma'auni, lamba ta faɗo ƙasa warwas. Ashe mahaifin Modu ya gina wani babban tanki na siminti a ƙarƙashin ƙasa, duk indararon gidan a ciki yake zuba. Ruwan farkon damina sukan bar shi ya wanke kwanon rufi, sauran kuwa ko ɗigo ba sa bari ya tafi kwata. Da Garba ya yi masa bayanin abin da muke nema, sai Modu ya ce, "Ai ruwan Allah ne, Malam Garba, ka zo ka ɗiba iya son ranka." Da na san abin da kwanon nan zai jawo mini, da na haƙura da ƙishirwata har gida.

Garba ya sayi ƙaramin inji. Na yi faɗa, na ce to in bazara ta yi, tankin ya ja baya fa? Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Sale, kai ma da gaskiyarka. Amma babur ɗaya gare ni, kuma ba zan shiga gidan da ake jan guga in zubar musu da rabin ruwa a ƙasa suna kallo ba." Gaskiyar da ke cikin maganar tasa ta fi komai yi mini ciwo.

Injin ya yi aiki, ba zan ci amanar gaskiya ba. Ruwan sama bai wahalar da ƙwayoyin ba, gilashi ya riƙa bushewa garau, sunan Garba ya kai har garuruwan da ba mu taɓa zuwa ba. Amma daga ranar, safiyar Garba ta zama ta Modu. Da, in an idar da sallar asuba ƙofata yake bugawa mu sha koko tare. Yanzu sai ya ɗaura jarkoki ya kama hanyar Ajingi, can zai karya kumallo, can zai ji labarin duniya, ya dawo mini da "Modu ya ce" a baki. 'Ya'yan Modu suka koma kiransa Baba Garba. Har gaisuwar Barbarci ya koyo, yana gwada ta a kaina. An ce kishi kumallon mata ne, to wanda ya faɗi haka bai taɓa yin aboki ba. Na yi kishin Modu, kuma ina da hujja, domin ni na san Garba tun ba shi da wando, shi kuwa tanki kawai ya gada.

Abin haushin, ba wanda ya taɓa ɗaukar maganata da gaske. Mahaifiyata Bafulatana ce, Modu kuwa Babarbare, ka ga abokan wasa ke nan. In na ce, "Babarbare ya shanye mini aboki da ruwan sama," sai zaure ya ɗauki dariya, Modu ya fi kowa ƙyaƙyatawa, ya ce Bafulatani in ba nono ba me ya sani a harkar ruwa. Ni kuwa har cikin raina nake faɗa. Garba ne kaɗai ba ya dariya sosai, sai ya dube ni ya girgiza kai.

Bazara ta zo kamar yadda na faɗa, tankin ya ja baya. Modu ya ce a ci gaba da ɗiba, Garba ya ƙi, ya ce ba zai wanke tagar wani da ruwan da yaran gidan za su sha ba. Muka koma ruwan burtsatse, ƙwayoyi suka riƙa mutuwa, ribar watannin nan duk ta tafi Kano. Na ce, "Me na gaya maka?" Ya ce, "Ka gaya mini mana, ai shi ya sa nake yawo da kai." Na ji daɗin maganar ƙwarai, na riƙe ta har ruwa ya sauka. Ruwa yana sauka kuwa ya sake ɗaura jarkoki.

A 'yan shekarun nan jiki ya yi masa nauyi, hawan jini ya kama shi, yana yawan jin jiri. Sai muka raba aiki. Shi ya ɗebo ruwa ya wanke tagogi daga ƙasa, ni in hau rufi in ji da sola, tun da ita sanda ba ta kai mata daga ƙasa. Ranar Talatar ma haka muka yi, na riga shi zuwa Balan na hau rufi ina share ƙura da kashin tsuntsaye daga jikin sola kafin ya iso da ruwa.

Bayan la'asar aka yi jana'iza, kuma ban taɓa ganin taro irin wannan a unguwarmu ba. Har a nan ɗin ban tsira ba. Mutane suna miƙa mini hannu suna cewa Allah Ya ba da haƙuri, su juya su miƙa wa Modu su faɗi daidai abin da suka faɗa mini, kamar rashin namu ɗaya ne. Wasu ma shi suka fara yi wa, suna tambayarsa yadda aka yi, shi kuwa yana ba da labari, domin shi ya gani.

Ranar sadakar uku, da jama'a suka ragu, na ja shi gefen zaure. Na ce, "Modu, yau ba wasa a maganata. Me ya hana ka kira ni?"

Ya ce, "Malam Sale, na ɗauko waya, shi ya riƙe mini hannu. Ya ce ina Sale? Na ce yana Balan. Ya ce to yana kan rufin bene ke nan, kada ka kira shi, kuma kada ka bar kowa ya kira shi. Ya ce na san Sale, in ya ji wannan labari ba ta tsani zai sauko ba. In abin ya zo, ka je da ƙafarka, ka bari sai ya taka ƙasa. Daga nan bai ƙara wata magana ba sai kalmar shahada."

A nan na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Mutum yana fama da ransa, amma lissafinsa yana kan inda ƙafata take. Ya san ni fiye da yadda nake so a san ni, kuma gaskiya ya faɗa, da ban bi ta tsani ba.

In ce kishin ya tafi? Bai tafi ba. Modu ne ya riƙe hannunsa, Modu ne ya ji muryarsa ta ƙarshe, wannan kuwa ba abin da zai mayar mini da shi. Amma injin yana nan, kuma shi ne abincin Hajara, matar marigayi, da 'ya'yansa huɗu. Ni nake da hannun aikin, ruwan kuwa yana gidan Modu. Jiya da safe na ɗaura jarkoki a babur ɗin Garba na kama hanyar Ajingi. Modu ya kawo koko, na sha.

Allah Ya jiƙan Garba, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya yalwata kabarinsa Ya haskaka shi. Yadda ya kiyaye idonsa daga gidajen mutane, Allah Ya rufa masa asiri ranar tsayuwa. Allah Ya ba mahaifiyarsa Inna haƙurin wannan rashi, Ya ba Hajara juriya, Ya raya abin da ya bari a kan tafarkin gaskiya, kada su tozarta muna raye. In tamu ta zo Allah Ya sa mu cika da imani, Ya sada mu da shi a Aljanna Firdausi, ni da Modu duka. Wanda zai zauna a damansa kuwa, wannan na bar wa Allah.