Ranar da Yaya ta ƙi juyowa

Shekara takwas ke nan da rasuwar Yaya, kuma har yau in na bi ta unguwar Abu Hail a Dubai na ji ƙamshin daddawa daga wata taga, sai na rage tafiya. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. A fasfo sunanta Garba, namiji. Amma tun muna Zariya ta zaunar da ni ta ce ita a ranta mace ce. Mutane suna cewa ɗan daudu. Ni a rubutun nan "ita" zan ce, don haka take so. Wanda abin ya yi wa nauyi ya yi haƙuri.

A Dubai ba a wasa da doka, saboda haka jallabiya da hula take sawa kamar kowa, sai dai murya da tafiya ba sa ɓuya. Tuwo take yi tana kai wa 'yan kasuwarmu a shagunan Deira. Duk wanda ya sauka bai san kowa ba, ko ya kwanta asibiti, lambar Yaya ake ba shi. Da zaɓen ƙungiyarmu ta Hausawa ya zo, sai ta ce za ta nemi kujerar mai kula da walwala. Na ce, "Yaya, ki rufa mana asiri. Mutum ɗaya ya kai ƙara, biza ta tafi." Ta ce, "Habibi, aikin ai ni nake yi, kujerar ce kawai ba a ba ni ba. Khalas, magana ta ƙare, na tsaya."

Mun saba da ƙuri'ar takarda, a ninke a jefa cikin kwali. Amma Alhaji Mudi mai kago, wato jigilar kaya, wanda ƙaninsa ke neman kujerar, ya ce bana ƙato bayan ƙato za a yi, kowa ya shiga layi bayan wanda yake so. Alhaji ba yaro ba ne. Ya san a ɓoye da yawa Yaya za su zaɓa, ya kuma san ba mai son a ɗauki hotonsa a bayanta a tura wa surukansa a gida.

Bayan sallar Juma'a muka taru a wani sito a Jebel Ali. Yaya ta je gaba ta tsaya, fuskarta na kallon bango. Layin ƙanin Alhaji ya kai ƙofa har ya lanƙwasa. Namu kuwa ni ne, da wata 'yar Maraɗi mai sayar da turare, da 'yan tsiraru. Na ga waɗanda ta yi jinyarsu suna wucewa kai a sunkuye. Wani ya rangaɗa guɗa don tsokana, aka yi dariya. Yaya ba ta juyo ba. Aka ƙirga, aka faɗi wanda ya ci, tana nan tsaye har layukan suka watse, sannan ta je ta yi wa ƙanin Alhaji murna.

A mota raina a ɓace na fara lissafa mata sunayen waɗanda suka ƙi shiga layinta. Ta ce, "Kar ka faɗa min. Gobe zan kai musu tuwo. In na san su, hannuna zai rage wa wani miya." Ban taɓa jin girman mutum ya cika min ido kamar ran nan ba.

Yanzu nakan gani a waya, a wasu ƙasashe irin su Yaya suna neman kujerar majalisa. Ana yaga hotunansu, ana zaginsu har da iyayensu, wasu kuma suna ci. Nakan tambayi kaina me za ta ce. Ina jin dariya za ta yi, ta tambaya ko su ma ƙato bayan ƙato ake musu. Mu dai ƙungiyarmu ta koma kwali tun zaɓen da ya biyo baya, ba wanda ya faɗi dalili.

Ba ta bar gida ba, ba ta bar ɗa ba, tukwanenta ma na rabar. Amma ranar jana'izarta, da aka ajiye ta a gaba, na duba bayana na ga sahu bayan sahu, har da Alhaji Mudi yana share ido da hannun riga. Ba wanda ya ɓoye fuska. Layin da aka hana ta ne ya cika, a ranar da ba ta da ikon juyowa. Allah Ya jiƙan Yaya.