Kwakwar Buwai

Shekara goma sha tara Buwai ya yi a Badagry yana gadin wata gonar kwakwa a bakin teku. Da gwiwoyinsa suka fara ciwo, sai ya tattara ya dawo ƙauyensu da ke bayan Bagwai, da akwatin ƙarfe ɗaya da tsiron kwakwa takwas a cikin buhu.

Ya dasa su a bayan gida, kusa da rijiya. Daminar farko suka yi kore shar, har maƙwabta na leƙowa ta saman danga. Da sanyin hunturu ya shigo, uku suka naɗe ganye suka bushe. Bazara ta cinye biyu. Buwai ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, guga ashirin da sassafe, ashirin da la'asar, har igiya ta yi masa kanta a tafin hannu. Ya tuna ƙasar can akwai gishiri, ya juye kwano guda a gindin ɗaya. Ita ma ta mutu.

Ran wata Lahadi bayan an taso daga coci, 'yarsa Joyce, wadda ke koyarwa a wata sakandare a Rimin Gado, ta same shi zaune a bakin rijiya yana haki.

Ta ce, "Baba, a can ka taɓa kwana da bargo?"

"Ko sau ɗaya. Zufa dai, rani da damina."

"To abin ke nan. Ruwan tekun nan tafiya yake yi kamar kogi, kuma mai ɗumi ne. Shi yake hana garin yin sanyi sosai ko zafi sosai, ya cika iska da laima. Mu sai da damina iskar take isowa. Wata bakwai bishiyar nan tana shan busasshiyar iska. Kana jiƙa ƙasa ne, Baba, iskar fa?"

Buwai ya daɗe yana murza gwiwa. Can ya ce, "Duk zamana a can, na ɗauka ruwan zuwa kawai yake ya koma."

Bai daina a lokacin ba. Sai da ya ƙara shekara biyar yana jan ruwa. Ɗaya daga biyun da suka rage ta bi sauran. Ta ƙarshen ta kai tsayin rumbu, gefen ganyenta kullum a ƙone. Sau ɗaya ta yi fure, 'ya'yan suka zube tun ba su kai girman lemon tsami ba. Ya tsince su ya ajiye a taga, bai nuna wa kowa ba.

Shekarar da rijiyar ta ja baya, ya zamana ko ya shayar da awakinsa ko kwakwa. Ya zaɓi awaki. Bai sare ta ba, ya dai bar ta da ruwan alwalar baƙi da na wanke-wanke.

Yanzu geronsa yake nomawa, rabin gona, rabin kuma ya bar wa ƙaninsa. In ya taso da azahar yakan kwanta a zaure, ƙafafu a kan buhun ƙaiƙayi, wani lokaci har la'asar ta wuce bai motsa ba.