Tabita mai zabi

A wani ɗan ƙauye kusa da Daudawa, Tabita ta yi aure gidan mafarauta. Mijinta Ɗanhausa yana da karya mai suna Ƙyalla, wadda ta iya tayar da fakara da zabin daji, ta kuma ɗauko abin da aka harbo ba tare da ta huda shi da haƙori ba. Da rani ake farauta. Ruwa na sauka, Ɗanhausa zai rataye bindigarsa ya ɗauki fartanya, domin lokacin ne tsuntsaye ke kwanci.

Shekarar da kuɗin mai suka buɗe aikin hanyoyi, Ɗanhausa ya bi samari zuwa Kaduna leburanci. Ya bar wa Tabita gona da kaji da karyar.

Ana tsakiyar damina sai ga mota a ƙofar gida. Gide ne, wani maƙwabcinsu da ya zama direban ɗan kwangila. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Goggo, maigidana Alhaji ya sayi bindiga mai baki biyu, yana son harbin zabi. Ki ara mana Ƙyalla."

"Yanzu, Gide? Ai suna kan ƙwai."

"Na gaya mashi, bai ji ba."

Ta ji nauyin Gide, ta ba su. Da la'asar suka dawo da zabi jibge a bayan mota, aka miƙo mata biyu. Ta karɓa, amma ranta bai so ba.

Washegari Ƙyalla ta ɓace tun da safe. Can sai ga ta tafe a hankali, baki a ɗan buɗe. Ta ajiye ƙwan zabo a gaban Tabita, ko tsagewa bai yi ba. Tabita ta ɗauki ƙwarya ta bi ta cikin ciyawa, raɓa ta jiƙa mata zane har gwiwa. Karyar ta kai ta gurbi bayan gurbi, duk babu uwa a kai. Ta kwashe ƙwayayen, ta zo ta sa wa kajinta masu kwanci.

Da yawa sun lalace, sanyi ya riga ya kama su. Sauran suka ƙyanƙyashe. Kullum Tabita na haƙo masu gara a suri, Ƙyalla kuma na kwance bakin akurki tana korar shirwa.

Da Gide ya sake zuwa aro, ta ja shi bayan ɗaki ta nuna masa 'yan tsakin suna bin kaza.

"Ka ce ma Alhaji ya yi haƙuri sai an yi girbi. Lokacin ni da kaina zan riƙo ma Ƙyalla igiya."

Gide ya daɗe a tsugunne yana kallonsu. Alhajin dai ya samo wani kare a Faskari ya ci gaba da harbinsa. Amma daga ranar, duk inda motar gyaran hanya ta tone gurbi, Gide kan naɗo ƙwan a hularsa ya kawo mata.

Da kaka zabin suka girma. Kusan rabinsu suka tashi suka koma daji, Tabita ba ta bi su ba. Waɗanda suka zauna suka saba da gida, suna kwana kan tsamiya, su ne suka zama tushen kiwonta. Matan Sabuwa da na Ƙetare suka riƙa zuwa neman iri a wurinta, har sunan Tabita mai zabi ya bi ta.

Ɗanhausa ya dawo bayan girbi da rediyo a hannu. Kukan zabi ya hana shi jin labarai. Ya tsaya tsakar gida yana dariya, ya ce, "To, ni ina zan zauna?"

Tabita ta ture wata zabuwa daga kan turmi, ta kife shi, ta ce ya zauna ga ruwa nan tafe.