Na zama mai gida a Ammariyya

Jama'a, yau na mallaki gida a Jidda ban sayi ko bulo ɗaya ba.

Makarantar 'yata ta ce sai na kawo yarjejeniyar haya. Muka tafi ofishin dillali da Baba Usman, dattijon da zai ba ni haya a unguwar Ammariyya. Dillali ya cike komai a intanet, saƙo ya shigo wayoyinmu, muka danna amincewa. Sai a lokacin Baba ya sa tabarau ya karanta. Ashe an juya sunayen, ni ne mai gida, shi ɗan haya.

Dillali ya ce, "Malesh, ku yi haƙuri, sai gobe a gyara."

Baba ya dube ni ya ce, "Halas, shi ke nan. Maigida, famfon banɗakina yana yoyo, yalla, zo ka gyara."

Yanzu haka ina gidansa, riƙe da sifana.