An Yi Ruwa a Gonarmu ta Arewa

A shekarata ta ƙarshe a lise, babbar sakandaren Tawa, muka samu malamin filo, wato falsafa, wani Kirista mutumin kudu, siriri, mai son gardama kamar cin tuwo. Wata rana ya ɗauki alli ya ɓoye a bayansa, ya tambaye mu ko ya karye. Aji ya rabu biyu, muka yi ta surutu. Ya bar mu muka gaji, sannan ya ce allin bai jira ƙuri'armu ba. Magana daban, abin da ke sa ta zama gaskiya daban, kuma shi wannan abin yana nan yadda yake ko an sani ko ba a sani ba. Daɗi ya kama ni har na kasa zama. Da wannan na koma Bambeye hutu, ina yi wa duk wanda ya tsaya lacca, har Inna ta ce boko ya taɓa mini kai.

Shekarar fari ce. Damina ta yi nisa ba a shuka ba, sojoji na rabon jar dawa a birni amma ba ta iso mu ba. Abin da ya rage a gidanmu dami ɗaya ne na irin shuka, wanda Baba ya rataye tun kaka. Ranar da ƙannena suka wuni da ruwan rama, ya ce a sauke shi a ci. Inna ta sussuke shi da hantsi, ta ce da la'asar za ta surfa. Hatsin da aka surfa kuwa ba ya tsirowa.

Ina bakin rijiya sai ga wani makiyayi ya kawo raƙuma daga wajen Takanamat, ƙafafunsu duk busasshen taɓo. Na tambaye shi, ya ce jiya ya ratsa wani kwari mai laima, amma bai san na wane gari ba ne. Gonarmu ta nesa a wannan hanyar take. Na sheƙa gida.

Baba ko kallona bai yi ba. Ya ce babu wanda ya ga hadari, rediyo bai faɗa ba, sarkin noma bai yi shela ba, kuma a garinmu ba a fita shuka sai ya yi.

Na ce, "Baba, in an yi ruwa can, an yi. Ba shi jiran rediyo."

"To, mushe, tahi ka kawo mini shi in gani."

Mushe ake ce wa malamin boko a wajenmu. Ba'a yake yi, ni kuwa na ɗauke ta umarni. Na yi ta gudu cikin rairayi mai ƙuna, takalmina ya tsinke na yar da shi. Da na hau tudun ƙarshe ƙamshin ya riga idona, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wanda rabona da shi na manta. Na durƙusa na tona yadda manoma ke yi, da hannu, ana bin laima a ga inda ta tsaya. Ta wuce wuyan hannu, ta kusa gwiwar hannu, ba ta ƙare ba. Na yi ta dariya ni kaɗai a tsakiyar gona kamar taɓaɓɓe. Na cika hulata da ƙasar ƙasan ramin na juyo.

Na shigo gida an yi la'asar, Inna ta riga ta surfa turmi ɗaya, sauran na cikin ƙwarya a gefenta. Numfashi ya hana ni magana, na dai miƙa hular. Baba ya ɗebi ƙasar ya dunƙule, ya buɗe hannu, dunƙulen ya tsaya bai wargaje ba. Ya sunsuna. Ya tambaye ni zurfin, na nuna masa a hannuna. Sai ya ce ƙanena ya je ya gaya wa sarkin noma, ni kuma in ɗauko sungumi.

Ni dai murna nake, ina jin na kayar da garin duka. Inna ta daɗe tana duban ƙwaryar, sannan ta ɗauka ta miƙa wa Baba da hannu biyu. Ta juyo gare ni, ba faɗa a muryarta.

"Ka yi gaskiya, ɗana. Turmi guda shi ar rage muna. Kai da ka sani, hwaɗa mini kwana nawa za shi kai su."

Na dubi ƙannena da ke zaune kewaye da turmin.